Ranar da Na Haifi Garin Kwaki

Ba za ni taɓa mancewa ba da ranar da anka yaye mu daga koyon ɗinkin jaka a Sabon Birni. Ko na so in mance, matan garin ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa kasuwa sai wata ta ɗago kai daga kan tirenta ta ce, "Malama, ya jego?" Ni kuma in ce lafiya lau in wuce, don bayani ya ishe ni. Abin da ya sa gaisuwar take da ciwo shi ne, ranar da abin ya faru ko aure ban yi ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce can bayan Turba, ƙasar Isa. Na gama sakandare, kuma a ƙauyenmu wannan ya isa a riƙa kawo wa mutum takardar asibiti ya karanta, a riƙa neman shi in waya ta rikice. Wani bawan Allah ya buɗe 'yar makarantar kuɗi ta ƙananan yara, ya ɗauke ni koyarwa. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma ana ce mani Malama, ina yawo da jan biro a jaka, kuma a ganina duk faɗin ƙasar Gobir babu macen da ta kai ni Turanci.

Sai wata ranar kasuwa, bayan la'asar, mutanen daji sunka shigo. Ba ni son tsawaita wannan wurin. Abin da za ni faɗa kawai, na fita da takalmi ƙafa ɗaya, na kwana biyu cikin gonakin dawa ni da Innata da wasu mata, ba mu da abin sawa a baka sai kara da muke tsotsa. Mutane suna zaton ƙarar bindiga ce ke zama a kan mutum. Ni abin da ya zauna mani shi ne yunwa, da ƙaya, da kunyar zane ɗaya da ya yage ba na canji. Bayan nan gari ya watse. Mai makaranta ya kira ni a waya ya ce, "Malama, ba ɗiya, ba makaranta. Sai haƙuri." Aikina ya ƙare ke nan. Munka tattara abin da ya rage munka dawo Sabon Birni, gidan Kawu.

Tun daga nan na yi wa kaina alkawari ba za a sake kora ni daji hannu banza ba. Na samu wani tsohon gyale mai ƙarfi na yi ƙunshi. Da farko silifas ne kawai a ciki, da garin kwaki a leda, da ɗan ƙuli-ƙuli. Na ɗora shi a kan cikina ƙarƙashin hijabi, na zagayo da gyalen ta baya na ƙulle. A gaba na sa shi don hannuna ya riƙa jin yana nan. Ba na kwance shi sai za ni wanka ko salla, kuma ko a sallar yana gefen darduma inda idona zai kai. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

"Ke ɗiyag ga, nan cikin gari muke. Aje tsiyar nan ki sha iska."

In ce to, in zagaya in ƙara tamke shi.

Akwai kuma maganar Murtala, mai gyaran kabu-kabu a bakin tasha. Tun muna ƙauye yake zuwa wurina, kuma da munka dawo a tsiyace bai ja baya ba. An kai gaisuwa, an ce sai bayan kaka a sa rana. Shi ya san da ƙunshin, har suna ya sa mashi, wai tankin mai. In ya zo zance sai ya ce, "Yau an cika tanki ko rabi na?" Wadda ba ta sani ba ita ce mahaifiyarshi, Hajiya. Sau ɗaya ta gan ni, farkon zuwanmu, ta dube ni tun daga kai har ƙafa kamar mai tayin akuya. Da rabin baki ta yarda da maganar auren, kuma labari ya iso mu cewa ta ce, "'Yan matan da sunka kwana daji, wa ya san abin da sunka kwaso?" Ba ita kaɗai ke faɗin irin wannan a garin ba. Yarinya irina ba gona, ba aiki, sunanta kawai ya rage mata, kuma magana ɗaya ta isa ta tafi da shi ta haɗa da auren. Na san wannan sarai. Shi ya sa nake tafiya kaina a ƙasa, hijabi har idon sawu, ina ganin na toshe duk wata kafar da surutu zai shigo. (Ku riƙe wannan, an jima za ku yi dariya da shi.)

Ana nan sai Kawu ya zo da labarin wata ƙungiya da ta haɗa kai da ƙaramar hukuma za a koya wa mutane sana'a, waɗanda aikinsu ya mutu da waɗanda anka raba da gonakinsu da dabbobinsu. Maza gyaran waya da haɗa sola, mata sabulu ko ɗinkin jaka, kuma duk wanda ya jure har ƙarshe a ba shi kayan aiki. Na zaɓi jaka, don na ji an ce keken ɗinki za a bayar.

Ajinmu wani tsohon sito ne da anka share anka jera kekuna. Mai koya mana Malama Kulu, gajeruwa, kullum da tef rataye a wuya, ba ta da faɗa sai a kan ɗinkin da ya karkace. Kusa da ni kuma Tumba ke zama, wata dattijuwa da ta shekara da shekaru tana shara a asibitin ƙauyensu kafin ma'aikata su gudu a rufe shi. Tumba rediyo ce, ba ta buƙatar batir.

Makon farko ba wanda ya kula ni. Ina shara, ina ɗaukar kan keke daga ɗakin ajiya zuwa tebur kamar kowa. Sai ranar da anka fara buɗe gwangwanin gam, wanda ake manna fata da soso da shi. Ban karya ba na fito, warin ya buge ni, na fita da gudu na yi amai bayan taga. Da na dawo na tarar aji ya yi tsit, Tumba da Malama Kulu suna kallon juna. Washegari na kai hannu ga tsintsiya, Tumba ta fizge.

"Aje! Ke dai tahi ki zamna."

"Ai yau layinmu ke da shara."

"Na ce ki zamna. Muna nan da ranmu, mi za ya kai ki duƙi?"

Kujera guda ce mai majingina a ajin, ta Malama Kulu. Sai ga ta an kawo mani, ita ta koma benci. Kan keke kuwa an hana ni ko taɓa shi. In an raba abincin rana sai in ga nawa ya fi na kowa tudu. Wata Bafillata mai suna Dudu, wadda anka kore wa garke gaba ɗaya sai saniya guda da ta dawo da ƙafarta, ta riƙa kawo mani nono a 'yar gora, ta aje gabana ba ta cewa komai. Tumba kuma yau tsamiya, gobe ɗata, jibi goruba.

To, mai hankali zai tsaya ya tambayi kanshi dalili. Ni ma na tambaya, kuma nan take na ba kaina amsa: ilimi. Ni kaɗai ce mai satifiket a ajin. Ni ke karanta wa Malama Kulu rubutun jikin gwangwanin gam, ni ke gane inci da rabin inci a jikin tef ba sai an nuna mani sau biyu ba. Na ce a raina, ashe mutanen Sabon Birni sun san darajar boko. Har gida na kai labari: "Inna, kin ga yadda ake girmama ni? Kujerar malama anka ba ni." Na koma karɓar nonon Dudu da gyaɗa kai kawai, kamar hakimi na karɓar gaisuwa.

Kada in zalunci kaina dai, aikin na koye shi da gaske. Na iya ɗora kwali a kan fata in zana in yanka ba tare da na ɓata ko gefe ba. Zif ne ya wahalshe ni, na yi makonni ina sa shi yana murguɗewa kamar macijin da anka taka, Malama Kulu tana farkewa tana cewa in sake. Ranar da ya zauna daidai, na ja shi ya tafi sumul ya dawo sumul, sai da na yi ta jan shi har anka tashi. Tun barinmu ƙauye ban ji daɗi irin na ranar ba.

Shi kuwa ƙunshi yana nan yana girma. Duk jita-jitar da ta shigo gari sai ya ƙaru. An ce an tare hanyar Isa, na ƙara zane da kamfai da rigar mama. An ce an ga babura wajen Alƙalawa, na ƙara tocila da ashana da man zafi. Caja ma na sa (ban san inda za ni soka ta a cikin dawa ba, amma na sa). Satifiket ɗina, wanda Allah ya sa yana hannun Kawu lokacin da anka ƙone mana ɗaki, na naɗe a leda na tura. Wata bayan wata abu yana tasowa a hankali ƙarƙashin hijabi. Nauyin ya sa mani ciwon baya, in za ni tashi sai na dafa ƙugu. Gyalen yana sassautawa, sai in yi ta zagawa bayi ina sake ɗauri. In ayarin babura ya wuce ta bakin sito, hannuwana biyu su kai kan ƙunshin, in runtse ido, sai in ji Tumba tana shafa mani baya tana cewa, "Sannu. Ja numfashi. Sannu."

Za ku ce, to me ya hana wata ta buɗe baki ta tambaye ni? Kun manta al'adarmu. Cikin fari ba a maganarshi gaban mai shi. Ita tana kunya, ku ma ku taya ta, ko da ya kai mata haɓa ku yi kamar ba ku gani ba. Ga shi ni baƙuwa ce, ba wanda ya san gidanmu. Sun ga yarinya daga ƙauyen da anka watsa, ba ta taɓa ambaton miji ba, tana firgita in babur ya wuce. Sai sunka ɗinka labarinsu da kansu, ba ko karkata: mijin ya rasu a harin, ya bar ta da ciki. Daga baya Tumba ta ce mani har yaba mani suke a bayan ido, wai ga yarinya cikin takaba amma ta fito neman na kanta. Duk watannin nan ta'aziyya ake mani da nono da tsamiya, ni ina zaton karramawa ce.

Ana saura kwanaki a yaye mu Tumba ta jawo ni gefe tana murmushi. "Kar ki ce ni na hwaɗa miki. Akwai kyauta ta musamman ran biki, kuma taki ta."

Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Ɗalibar da ta fi kowa, wa za a ba in ba ni ba? Nan take dabara ta zo mani. Na ce wa Murtala lallai ya lallaɓo Hajiya ta zo, ta gani da idonta yadda manya za su kira sunana a lasifika. In ta ga haka, maganar kwana a daji ta mutu. Ni da kaina na gayyato ta, ba wanda ya aike ni. Kuma da yake a makon ana ta raɗe-raɗin taron manya yana jawo idon mutanen daji, na ƙara gari a ledar, na haɗa da kofin silba. Ranar bikin tankin Murtala cike yake har baki.

Filin wata firamare anka yi taron, da hantsi. Rumfuna, kujerun roba, kekunan ɗinki a jere suna walƙiya, kowane da almakashi da tef da zare ɗaure a jikinshi. A teburin manya akwai wakilin shugaban ƙaramar hukuma da wakilin uban ƙasa, sai shugabar shirin da ta zo daga Sakkwato, wadda muke ce wa Madam. Na hango Inna a rumfar mata. Kusa da ita Hajiya, ta sha leshi, ta ɗora jaka a cinya, fuska ba yabo ba fallasa. Murtala yana can baya cikin 'yan kabu-kabu.

Bayan dogayen jawabai Madam ta karɓi abin magana. Ta ce kafin a raba kekuna akwai wata ɗaliba da take son kowa ya sani. Na gyara zama.

"Wannan baiwar Allah ba ta taɓa fashin zuwa ba."

Na gyaɗa kai. Gaskiya ne.

"Ɗinkinta kuma malamarta ta shaida."

Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina satar kallon Hajiya.

"Ta rasa gidanta, ta rasa aikinta, ta rasa mijinta."

A nan na ɗan ji ba daɗi. Ashe ba ni ba ce. Na ce a raina, Tumba da ƙarya.

"Ga ta da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, amma ba ta zauna tana jiran a ba ta ba."

Wallahi tausayi ya kama ni. Na fi kowa tafi. Ina tafawa ina waige-waige, ina mamakin yadda na yi watanni a aji ɗaya da mai tsohon ciki ban lura ba. Ina cikin waigen ne na ga duk ajin ni suke kallo, wasu har da ƙwalla. Sai lasifika ta faɗi sunana, da sunan babana, da sunan ƙauyenmu, don kada a samu mai shakka.

Kafin in gane gabas da yamma Tumba ta kama hannuna na dama, Dudu na hagu, sun ɗaga ni suna cewa a hankali, a hankali. Guɗa ta tashi. Ƙafafuna suna tafiya ba da izinina ba, kuma don tsabar rashin sa'a nauyin kofin silba ya sa na dafe ƙugu. A gaban teburin manya anka ajiye wani ƙaton baho ruwan hoda, cike da tawul da sabulu da hoda da 'yan riguna, a sama kuma jakar kayan jarirai da 'yan ajinmu sunka ɗinka a ɓoye, da zif ɗinta da komai. Mai hoto ya durƙusa yana neman inda cikin zai fito da kyau.

Na dubi rumfar mata. Inna ta ja hijabi ta rufe fuska. Hajiya ta miƙe tsaye, jaka a hammata. Can baya kuwa Murtala, wanda ya san tankin sarai kuma zai iya ceto na, ya kife a kan wani babur yana dukan sirdi, dariya ta hana shi numfashi. (Har yau ban gama yafe mashi ba.)

Madam ta kawo abin magana bakina tana murmushi. "Me za ki ce wa jama'a?"

Ni mai sakandare, ni mai Turanci, duk maganganun da ke duniya ga wadda na zaɓa:

"Ni fa ban taɓa aure ba."

Lasifikar nan mai kyau ce, na tabbata har 'yan kasuwa sun ji. Guɗa ta tsinke a tsakiya. Wata tsohuwa ta ja salati mai tsawo. Wakilin uban ƙasa ya dubi ƙasa kamar ya yar da allura. Hannun Tumba ya saki nawa a hankali. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa, na kuma ga Hajiya ta juya ta fara ratsa kujeru za ta fita. Na san in ta kai bakin filin nan da wannan labarin, ko limamin gari ya rantse mata ba za ta saurara ba.

Na fizge abin maganar. "Hajiya! Don Allah tsaya! Ba ciki ba na!"

Tumba ta ce, "Yo in ba ciki ba, mi na na?"

Na tura hannu ƙarƙashin hijabi ta baya ina neman ƙullin. To ƙullin nan na yi shi ne don kada ya kwance ko ana gudu, kuma ya cika alkawari. Na ja, ya ƙara tamkewa. Gaskiya kuma, rabin zuciyata ba ta son ya kwance. Tun ranar dawa ban taɓa tsayawa a fili ba tare da shi ba. Na dubi Tumba na ce, "Yanke. Gyale na, ga baya. Yanke shi."

Tumba ba ta gane ba, amma Tumba ba ta ƙin aiki. Ta zaro almakashi daga jikin keken da ke kusa, ta shige ƙarƙashin hijabina ta baya har kai, tana ihu daga ciki kamar a asibitinsu na da: "Ku matsa! Ku ba ta iska!" Na ji ƙaras.

Komai ya zubo lokaci ɗaya. Ledar gari ta fashe a kan takalmin Madam. Kofin silba ya gangara yana ƙara, bai tsaya ba sai a ƙafar wakilin shugaban ƙaramar hukuma. Tocila ta bugi ƙasa ta kunna kanta. Silifas ɗaya gabas ɗaya yamma, ƙuli-ƙuli ya watsu, cajar ta laƙe a gyalen tana lilo. Rigar mama kuwa, don ta ƙarasa ni, ta faɗa cikin bahon ta kwanta a kan tawul kamar da ita anka kawo shi. Hijabina ya koma ya lafe a jikina shafal.

Ba wanda ya yi motsi. Tumba ta fito daga ƙarƙashin hijabin, ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta duƙa ta ɗauki ragowar ledar garin da hannu biyu ta ɗaga sama.

"Jama'a, ta sauka lahiya! Namiji na, sunanai Kwaki!"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wakilin uban ƙasa ya tura bakin rawani a baki, kafaɗunshi suna rawa. Madam tana kakkaɓe takalmi tana share hawaye. Wata ta sake rangaɗa guɗa, wannan karon da gangan.

Ana cikin haka wasu babura sunka wuce ta titin bayan makarantar, da yawa, a guje. 'Yan kabu-kabu ne kawai, kowa ya sani. Amma hannuna ya kai kan cikina ya tarar ba komai. Na tsinci kaina a durƙushe ina tattara gari da ƙasa da tafin hannu ina zubawa a yagaggiyar leda, ina kuka, kuma ba kukan kunya ba ne. Dariyar ta riƙa mutuwa rumfa bayan rumfa.

Sai na ga leshi ya durƙusa gabana. Hajiya ce, da silifas ɗina guda a hannu. Ta juya shi ta duba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai za ni ji.

"Ba takalmi kinka gudu?"

"Ƙafa guda, Hajiya."

Sai ta kama hannuna mai gari ta tura ƙarƙashin mayafinta, ta danna a ƙugunta. Na ji wani abu mai tauri, ɗaure tamau.

"Tun shekarar da anka tare mu hanyar Isa," in ji ta. Ta saki hannuna ta ɗaga murya. "Amma ni ga ƙugu nika ɗaura nawa, shashasha! Wa yac ce miki ga ciki aka ɗaurawa?"

Dudu ta bugi nata ƙugun, wani abu ya yi ƙara kamar cokali. Wata a rumfa ta ce ita nata a cinya yake. Kafin ka ce me, mata suna ta dafa jikinsu suna dariya, kowa da inda ta ɓoye nata. Ashe rabin filin a shirye yake, ni kaɗai ce na yi talla. Malama Kulu ta zo ta ɗaga yankakken gyalen da yatsu biyu ta ce, "Watanni ina koya miki zif da aljihu, ki rasa abin zuba kayanki sai tsumma? Ni kinka kunyata."

Maganar nan ta bi ni har gida tare da keken. A zauren Kawu na kafa shi, kuma abin da na fara ɗinkawa wata ɗamara ce mai faɗi da ke zagaye ƙugu, aljihu-aljihu, kowane da zif ɗinshi, gari a nan, tocila a can, silifas a baya, nauyin ya rabu ba inda ya yi tudu. Ta farko Hajiya na kai wa. Ta juya ta ciki da waje, ta ja kowane zif, ta ce zaren ya yi siriri, sannan ta ɗaura. Cikin makon mata sunka fara sallama a zauren. Yanzu Tumba ke kai mani su kasuwa, kuma duk yadda na so a kira su jakar ƙugu, ba mai kiran su sai "cikin Malama". Ni ma da tawa nake kwana nake tashi, ban warke ba. Sana'a ce da nake ci da ita, nake kuma roƙon Allah ya kawo ranar da za ni rasa mai saye in koma jakar biki.

An ɗaura aure bayan kaka. Bahon kuwa, da Madam ta ce a mayar a ba wata mai buƙata, Hajiya ta riga kowa kai hannu, ta ce kyautar da anka yi gaban manya ba ta komawa. Yana can kan durowarta har yau. Duk ranar da na shiga gaishe ta sai ta dubi bahon, ta dubi cikina, ta ce, "Wanga karon gari na ko mutum?"

Abin da na koya bai wuce wannan ba: in ka ga an ɗauko kujera mai majingina an kawo maka, ga nono ga tsamiya, kada ka yi saurin cewa iliminka ne. Tambayi dalili tun kana tsaye, kafin a kira sunanka a lasifika.